Ɗinkin Gayya a Hunturun Legas: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon sun taru a kan sana'a guda, wato ɗinkin bargon haɗin ƙyallaye wanda Turawa ke kira kwilt. Na zaɓi guda huɗu, dukansu daga matan da ke zaune a Legas, kuma na taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mu 14 ne da muke karatu a islamiyya ɗaya a Agege, muna kuma yin adashe tare. Mun yi shawarar mu keɓe wata Asabar a cikin Disamba mu taru a gidan ɗayarmu, mu ɗinka barguna na ƙyallaye domin 'ya'yanmu da ke makarantun kwana a Arewa, waɗanda za su koma a Janairu lokacin da sanyi ya fi tsanani. Bara mun gwada, sai muka wuni muna yanka da gardama, har aka kira magariba ko bargo ɗaya ba mu haɗa ba. Me ya kamata mu shirya kafin ranar?
Daga wata uwargida, Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki na gane inda matsalar take, domin kun kai gayya aikin da ba na gayya ba. Bargon nan hawa uku ne: akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye, akwai abin da ake sawa a tsakiya domin ɗumi, akwai kuma shafi na baya. Wanki da guga da awo da yanka, har ma da haɗa fuskar, duk aiki ne da mace ɗaya za ta iya yi a ɗakinta bayan ta sallami yara. Abin da ke bukatar hannaye da yawa shi ne shimfiɗa hawa ukun nan a miƙe ba tare da tattara ba, da kuma bin su da allura har su zama abu ɗaya. Idan kuka iso wurin taro da ƙyallaye a ƙunshe cikin leda, to bana ma za ku maimaita bara.

Tun ran gini ran zane, saboda haka ku fara da zama na rabin awa bayan an tashi daga islamiyya, aƙalla mako huɗu kafin ranar, ku tsayar da abu biyu kacal: girman bargon da girman yanka. Ga lissafin da nake ba masu farawa. Katifar ɗalibi takan kasance ƙafa 3 a faɗi da ƙafa 6 a tsayi, don haka bargo mai inci 54 da inci 81 zai rufe ta har ya sauko gefe da kimanin inci 9. Idan aka yanka kowane ƙyalle murabba'i mai inci 5 ta kowane ɓangare, aka kuma bar kwatan inci na bakin ɗinki, abin da zai bayyana a fuska inci 4 da rabi ne. Ke nan kuna bukatar ƙyalle 12 a kowane layi, da layi 18, jimilla 216. Yadi ɗaya na atamfa yana ba da kimanin 56 idan aka zubar da bakinta, wanda ke nufin yadi 4 ya ishi fuskar bargo guda. Ku 14 kuwa, idan kowace ta yanka 62 a gida, kun sami abin da zai yi barguna huɗu har da ɗan rara.

Kada kowa ta auna da tef ɗinta. Mace ɗaya mai natsuwa ta yanka ma'auni a jikin kwali mai tauri, ko murfin tsohuwar roba, ta yi kwafi 14 daidai wa daida, ta raba. Da shi za a riƙa zagayawa da alli ko fensir a bayan yadi, sannan a bi da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka takarda ko kifi da shi. A kula a ɗora ma'aunin daidai da tsayin saƙar yadin, domin ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa a ƙarƙashin keke, ya shiga da kusurwa huɗu ya fito kamar ganye.

Batun bakin ɗinki shi ne wurin da nake so ku fi tsayawa, domin a nan gardama ke tasowa. Yawancin telolinmu sun saba barin rabin inci, alhali masu wannan sana'a kwata suke bari. Ba laifi a zaɓi ko wanne, muddin kowa ta bi shi. Amma ki duba abin da ke faruwa idan aka gauraya: layi mai ƙyalle 12 yana da mahaɗa 11, kuma a kowace mahaɗa mai barin rabin inci tana cinye rabin inci fiye da mai barin kwata, tunda ƙyalle biyu ake haɗawa. Layinta zai gaza na 'yar'uwarta da inci 5 da rabi, wato ya fi ƙyalle guda cur. Daga nan sai a fara ja da miƙewa, ana cewa wance ce ba ta iya ba, alhali kowace ta yi daidai a nata ma'aunin. Maganin abin mai sauƙi ne: a auna kwatan inci daga allura, a manna selotef a jikin farantin kowane keke, bakin yadi ya riƙa bin gefensa. Kowace ta haɗa ƙyalle uku na gwaji ta kawo islamiyya, a auna na tsakiya. Idan ya ba da inci 4 da rabi ta ci gaba, idan bai ba da ba ta gyara tun aiki bai yi nisa ba.

Game da inda za a samo ƙyallaye, ba na ganin dalilin da zai sa a sayi sabon turmi a daddatsa shi, a garin da teloli ke cika buhu da ragowar atamfa. Kowace ta yi magana da telanta tun a Nuwamba, domin lokacin ne ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara ke yawa, ragowa ma take yawa. Ku ware na auduga zalla, masu kauri kusan ɗaya. Leshi da siliki da yadi mai talewa ku ajiye su gefe, ba sa zama lafiya kusa da atamfa. Abin da za ku saya da kuɗi shi ne shafi da zare da abin tsakiya. Shafin ya kamata ya ɗara fuska da inci 4 ta kowane gefe, wato inci 62 da 89, kuma tunda faɗin atamfa bai kai haka ba, sai an haɗa tsayi biyu, abin da zai ci kusan yadi 5. Zanin gado na auduga ya fi arha kuma ba shi da mahaɗa a tsakiya, ana kuma samun masu kyau a gwanjon Katangowa da ke kusa da ku. Idan sai an je kasuwar Balogun ko ta Oshodi, a tura mutum biyu kafin Disamba ta kama, domin duk wanda ya taɓa shiga Balogun ana saura mako biyu Kirsimeti ya san ba wurin zaɓen launi a tsanake ba ne. A ƙara rabin yadi ga kowane bargo domin kalmasar baki: tsiri 7 masu faɗin inci 2 da rabi za su zagaye shi.

Mako biyu kafin ranar, a tattara ƙyallayen da aka yanka, a baje su a kan tabarma, mata biyu ko uku masu ido a kan launi su jera su. A nan ina da ra'ayi mai ƙarfi: atamfa kowace da surutunta, kuma idan aka jera masu manyan furanni kusa da juna ido ba ya samun wurin hutawa. Ku sa ƙyalle mara zane, ko shuɗi ko ruwan ƙasa, tsakanin kowane biyu masu zane. Idan jerin ya yi, a ɗauki hotonsa da waya, a tattara kowane layi daga hagu zuwa dama, a soke shi da fil tare da takarda mai lamba, a raba wa masu keke. Su haɗa layukan a gida, su goge mahaɗun layi na ɗaya zuwa dama, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe, domin idan aka zo haɗa layi da layi kaurin ya shige juna maimakon ya hau kan juna ya karya allura. Allura mai lamba 14 ta ishi atamfa.

A ranar kanta, ku share ɗaki mafi faɗi, ku goge ƙasa da ruwa saboda ƙurar hunturu, ku shimfiɗa shafi fuskarsa na kallon ƙasa, mata huɗu su riƙe kusurwoyi ko a danne su da selotef. A ɗora na tsakiya, a ɗora fuska, a lallashe da tafin hannu daga tsakiya zuwa baki, sannan a bi da manyan ɗinki na riƙon ƙwarya waɗanda za a warware daga baya. Tunda burinku barguna da yawa ne, ina ba ku shawarar ku ɗaure su maimakon ku bi su da ƙaramin ɗinki: a soka zare mai kauri ya ratsa hawa ukun a kowace kusurwa da ƙyallaye huɗu suka haɗu, a ƙulla sau biyu, a datse. A iya abin da na gani, mata 14 da suka zo da fuskoki a haɗe suna iya gama uku ko huɗu ta wannan hanya tsakanin hantsi da la'asar, amma da ɗinkin hannu ƙanana da wuya su wuce ɗaya. Ku fara da wuri saboda masu tahowa daga nesa a cikin cunkoson Asabar, ku tanadi keken ƙafa guda domin kalmasa ko da an ɗauke wuta, abinci kuma ya jira hutun azahar a wani ɗaki dabam. Man waina ba ya fita daga farin shafi da daɗin rai.

TAMBAYA: Anti, me ake sawa a tsakiyar bargon? Na tambaya a kasuwa, wani ya ba ni soso, wani ya ce faiba, kakata kuma ta ce audugar rimi. Ni a Idi-Araba nake, kuma a nan za mu yi amfani da shi.
Daga wata ɗaliba, Idi-Araba.

AMSA: Ɗiyata, jimlarki ta ƙarshe ita ce mabuɗin amsar. Hunturun Legas suna ne ya fi yawa. Ana samun hazo da bushewar leɓe na 'yan makonni tsakanin Disamba da Janairu, amma da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 ko da asuba, alhali a Kano daren Janairu yakan sauka ƙasa da 15, a Jos kuma abin ya fi haka. Matan Amurka da kike gani a bidiyo suna cusa abu mai kauri ne domin suna da dusar ƙanƙara a bakin ƙofa. Idan kika kwaikwaye su a Idi-Araba, bargonki zai yi dare biyar a kan gado, ya yi sauran shekara a cikin akwati yana warin raɓa, domin damshin garin nan ba ya yafe wa kaya masu kauri.

Abin koyi a gare ki shi ne na matan Bangladesh da gabashin Indiya, waɗanda yanayinsu ya fi kama da namu. Suna da wani ɗinki da suke kira kanta, inda suke jera tsofaffin zannuwansu hawa-hawa ba tare da wani ciko ba, su bi su da ɗinkin hannu layi kusa da layi. Abin yana fitowa da laushi, yana wankuwa, yana bushewa da wuri. Ke ma ki sa tsohon zanin gado ɗaya, ko zannuwan auduga biyu da suka sha wanki, shi ke nan.

Soso ki mayar wa mai shi. Yana riƙe zafi da gumi, yana kuma marmashewa bayan 'yan shekaru. Faiba siririya, wadda ake sayarwa yadi-yadi, ta dace da bargon da za a aika Arewa, domin ba ta da nauyi kuma ba ta dunƙulewa a wanki, sai dai kada dutsen guga mai zafi ya taɓa ta, narkewa take yi. Kakarki kuwa tana magana ne daga ilimi mai tushe, domin wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu: lifidin da mayaƙan ƙasar Hausa da Barno suke sa wa kansu da dawakinsu, wanda har yau ake gani a hawan salla, yadi ne hawa biyu da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki. Amma lifidi ba a jefa shi a bahon wanki duk wata. Audugar rimi tana da santsi, tana gudu ta taru a gefe guda sai an tsare ta da ɗinki matsattse, ba ta son wanki, tana kuma kama wuta da sauri. Ki bar ta wa matashin kai.

Idan kuma jariri kike yi wa, ki sani likitoci suna hana a lulluɓe yaron da bai kai shekara ba da bargo mai kauri lokacin barci, saboda tsoron toshewar numfashi. Ki yi shi a matsayin shimfiɗar wasa a ƙasa: ƙyalle 80, wato 8 a layi 10, suna ba da inci 36 da 45.

TAMBAYA: Wajibi ne a wanke ƙyallaye kafin a yanka? Wata ta ce mini jiƙawa da gishiri ya isa.
Daga wata mai karatu, Obalende.

AMSA: Wajibi ne, Malama, saboda dalili biyu. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko da kimanin inci ɗaya ko fiye a kowane yadi, kuma idan kika haɗa shi da tsohon zanen da ya riga ya gama tsukewa, bargon zai tattare. Na biyu shi ne zuba. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu su ne manyan masu laifi, musamman rinin baba irin na Ƙofar Mata a Kano da adiren Abeokuta, waɗanda sukan ɗauki wanki da yawa kafin su daina. Gishiri ban ga ya tsayar da rinin da ya yi niyyar zuba ba. Ki wanke kowane launi dabam har ruwan ya fito fari, ki goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kai, idan ya ɗauki launi ki sake wankewa ko ki cire shi daga aikin. Takardar da ake mannawa a jikin atamfa kuma ki ɗora mata dutsen guga mai ɗumi ta bayan yadin kafin wanki, za ta ɓare ba tare da ta bar danƙo ba. Bayan shanya a goge da ɗan sitati, yanka ya fi daidaita.

TAMBAYA: Anti, ki ba ni shawara. A ƙungiyarmu akwai wata dattijuwa, ita ce ma ta fara tara mu, amma idonta ya yi rauni, ɗinkinta yana karkacewa. Bara bayan ta tafi wasu suka warware abin da ta ɗinka, labari kuma ya koma mata, ta yi wata biyu ba ta zuwa. Bana ta ce za ta zo. Ya za mu yi?
Daga sakatariyar wata ƙungiyar mata, Mile 12.

AMSA: 'Yar'uwa, waɗanda suka warware ɗinkin Inna sun yi kuskure, ke kuma da kike riƙe da littafin ƙungiya ya kamata ki je gidanta kafin ranar, ki gaishe ta, ki nemi shawararta a kan tsarin bana. Wannan ba ya cikin sha'anin allura, amma idan ba a yi shi ba sauran maganar ba ta da amfani.

Ta fuskar sana'a, karkacewar ɗinki iri biyu ce. Akwai wadda ke ɓata awo, wato ta mahaɗar ƙyallaye, kuma wannan aikin keke ne da za a gama a gida, ba sai ya biyo ta hannunta ba. Akwai kuma ta ɗinkin saman bargo, wadda ba ta rage masa ƙarfi ko ɗumi da komai. A wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, mata baƙar fata jikokin bayi sun shafe zamani suna haɗa barguna da tsofaffin kayan aikin gona, layukansu a karkace, ƙyallayensu ba su yi daidai da juna ba. A 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen adana kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma hukumar gidan waya ta ƙasar ta buga hotunansu a jikin kan sarki na aika wasiƙa. Ba ina cewa ku yi sakaci da gangan ba ne, ina dai nuna muku cewa miƙewar layi ba ita kaɗai ce ma'aunin kyau ba.

Akwai kuma ayyukan da suka fi dacewa da ita fiye da kowa. Jera launi ba ya bukatar ganin ramin allura, kuma matar da ta shekara hamsin tana zaɓen atamfa ta fi ku sanin abin da ke zama kusa da abin. Ɗaurin ƙulli ma hannu ke yinsa, ba ido ba: wata yarinya ta riƙa soka zaren, Inna tana bi tana ƙullawa. Ku zaunar da ita kusa da taga a kan kujera mai jingina, ku zura mata allurai biyar ko shida masu faɗin ido tun kafin ta iso, a soke su a jikin ɗan matashi a gefenta. Wannan ɗan matashin ma kowa ta yi nata, kuma a ƙirga allurai da fil kafin a fara da bayan an tashi, tunda a gidajenmu ba a rasa mai rarrafe.

Tunda kin ambaci ƙungiya, ki rubuta a littafinki tun yanzu wa zai karɓi bargo na farko, wa zai karɓi na biyu, ko ta hanyar ƙuri'a ko ta bin layin adashe, a karanta wa kowa ta amince kafin a sa almakashi a yadi. Idan Inna ta yarda, a sa sunanta da shekarar a wani ƙaramin farin ƙyalle a kusurwar shafin bargon farko, a bar mata ta ɗinka shi da hannunta.